Yadda Aka Fara Sa Ido a Kan Likitan Iyali a Ingila

A Ingila ba a tashi kai tsaye a nufi babban asibiti sai in abin gaggawa ne. Kowa yana da likitan unguwa da ya yi rajista a wurinsa, wanda suke kira GP, kuma da takardarsa ake ganin ƙwararru. A ɗan asibitin da nake kai iyalina a Birmingham, akwai takarda manne a bango mai nuna matsayin da masu bincike suka ba wurin. Baƙo zai ɗauka haka abin yake tun fil azal, alhali an fi shekara 100 ana ja-in-ja kafin a kai nan.

Tushen abin shi ne dokar inshora ta 1911, wadda Lloyd George ya kawo yana ministan kuɗi. Ta ba ma'aikata masu ƙaramin albashi damar ganin likita ba tare da biya a take ba, amma ban da matansu da 'ya'yansu. Daga wannan tsari aka samu ɗan ambulan nan mai ruwan ƙasa da ake zuba bayanan majinyaci, wanda har yau ake kira da sunan Lloyd George. Yawancin likitocin a gidajensu suke aiki. Falo ne wurin jira, uwargida ce mai buɗe ƙofa da amsa waya.

Ranar 5 ga Yuli 1948 aka buɗe hukumar lafiya ta ƙasa, NHS, a ƙarƙashin minista Aneurin Bevan, ganin likita ya zama kyauta ga kowa. Likitocin iyali suka ce ba za su zama 'yan albashi ba, aka bar su a matsayin 'yan kwangila, ana biyansu gwargwadon yawan mutanen da ke cikin rajistarsu. Jama'a suka yi caa a kansu, amma babu mai leƙa abin da ke faruwa bayan an rufe ƙofa.

Wanda ya fara leƙawa baƙo ne, wani likita ɗan Ostareliya mai suna Joseph Collings. Ya bi wuraren aiki 55, yana zama a gefe yana kallo, sannan ya buga abin da ya gani a mujallar Lancet a watan Maris 1950. Ya tarar da ɗakuna masu ƙura da kayan aiki masu tsatsa. A wasu wuraren babu gadon duba mara lafiya, mutane na tsaye a layi, ana rubuta musu magani ba tare da an taɓa jikinsu ba. Likitoci sun fusata, amma gani ya kori ji. A 1952 aka kafa kwalejin likitocin iyali don a ɗaga darajar sana'ar.

Gyara na haƙiƙa ya zo ne da yarjejeniyar 1966, kuma magana ce ta kuɗi tsagwaronta. Gwamnati ta yarda ta riƙa mayar wa likita kuɗin haya da kashi 70 cikin 100 na albashin ma'aikatansa, ta kuma ba da rancen gini. Sai likitoci suka fara haɗa kai su uku ko huɗu a gini ɗaya, suka ɗauki nas da sakatariya, daga baya har da manaja.

A cikin mutanen wannan zamani, Julian Tudor Hart ne ya fi burge ni. A Glyncorrwg ya yi aiki, wani ƙauyen masu haƙar gawayi a Wales, kuma bai zauna jiran marasa lafiya su zo ba. Ya bi manyan ƙauyen ɗaya bayan ɗaya yana auna hawan jininsu yana rubutawa, har da waɗanda ba su taɓa cewa wani abu na damunsu ba. Shi ne ya rubuta a 1971 cewa inda aka fi buƙatar kulawa mai kyau, nan ne aka fi rasa ta.

Duk da haka, amana ce ke riƙe da tsarin, har Harold Shipman ya ci ta. Likita ne a garin Hyde kusa da Manchester, yana aiki shi kaɗai, kuma majinyatansa na ƙaunarsa saboda yana bin tsofaffi har gida. Wata likita a maƙwabta, Linda Reynolds, ita ta lura a 1998 cewa takardun ƙona gawa da ake kawo musu su sa hannu daga wurinsa sun yi yawa. A Janairu 2000 kotu ta same shi da laifin kashe mutum 15 da allura, binciken mai shari'a Janet Smith kuma ya gano aƙalla 215. Tun daga nan fara'ar likita ta daina zama shaidar ingancin aikinsa.

A 2004 aka fara biyan likitoci bisa maki, misali yawan masu ciwon sukari da aka duba musu ƙafa. Daga ƙarshen 2012 dole kowane likita ya sabunta izininsa duk shekara biyar. Hukumar masu bincike ta CQC kuma ta fara ba wuraren aikin likitocin iyali matsayi a 2014, daga mafi kyau zuwa wanda ya gaza, bisa tambayoyi biyar: akwai kariya daga cutarwa, magani na aiki, ana mutunta mutane, ana biyan buƙatarsu, kuma shugabanci na da kyau?

Na ga abin da wannan ke nufi ranar da na kai ɗana rigakafi. Kafin nas ta ɗauko allurar, sai da ta duba ma'aunin firji ta rubuta a wani littafi, domin dole sanyin ya tsaya tsakanin digiri 2 da 8. Ta karanta mini ranar lalacewar maganin, ta shigar da lambarsa a kwamfuta. Da Collings zai ga haka da ya yi murna. Amma a wannan wurin dai, in kana son ganin likita sai ka kama waya da ƙarfe takwas na safe, ka yi ta jira, a ba ka minti goma da wanda bai taɓa ganin fuskarka ba, ka sake ba da labarin ciwonka daga farko.

A nawa ganin, sa ido ya yi rana, kuma duk mai kewar zamanin likita shi kaɗai a falonsa ya manta da Hyde. Sai dai ginin da ya girma ya raba mutane da likitan da ya san su, ya san iyayensu, kuma wannan ma ɓangare ne na inganci. 'Yan uwanmu likitoci da suka baro Najeriya suna aiki a waɗannan ɗakuna, in Allah ya maido su gida suka buɗe nasu asibitin, su taho da ɗabi'ar rubuta komai da yarda wani ya duba aikinsu, amma kada su bar majinyaci ya zama baƙo a wurin likitansa.