Saitin Bindiga a Tarihi: Daga Bindigar Toka Zuwa Winchester

Maharbi a Rimaye ko Kusada, kamar sauran maharban ƙasar Katsina, ba ya ɗana kunama sai ya yi sanɗa ya kusanci nama. Wasu kan ɗauka wannan al'adar farauta ce kurum. Manufar wannan maƙala ita ce a nuna cewa ƙirar bindigarsa ce ta tilasta masa haka, kuma akwai dokar da ta hana shi samun wadda ta fi ta.

Bindigar toka, wadda ake wa laƙabi da harba-ka-ruga, ta baki ake yi mata ɗuri, a zuba albarushi, a danna dalma a bisa. Cikin bututunta sumul yake, saboda haka harsashi yakan fita yana tangaɗi, da ya yi ɗan nisa sai ya kauce. Maƙeran Turai sun magance wannan ta hanyar yanka tsagogi masu murɗewa a cikin bututu, yadda harsashi zai fita yana juyawa, ya miƙe sak.

Bayan saiti sai aka nemi sauri. A 1866 kamfanin Winchester na Amurka ya fito da bindiga mai wani mariƙi a bayan kunama, wanda in an ja shi ƙasa aka mayar, sai kwanso ya fita, sabon harsashi ya hau. Amma tana da aibi. Harsasanta a jere suke cikin wani bututu ƙarƙashin na harbi, kan wannan yana tokare da gindin wancan, don haka tilas a yi su da dakusasshen kai, gudun kada ɗaya ya tayar da ɗan'uwansa. Dakusasshen harsashi kuwa ba ya keta iska da kyau. A yaƙin Plevna na 1877 sojojin Turkiyya suka riƙa harbin Rashawa daga nesa da Peabody-Martini, sai sun matso su ɗauki Winchester. John Browning ne ya gyara wannan a ƙirar 1895, inda ya jera harsasan bisa juna cikin ɗan akwati, har ya yiwu a sa masu tsini.

To, yaya aka yi waɗannan gyare-gyare ba su yaɗu a ƙasar Hausa ba? Sarakuna ba su yi sakaci da bindiga ba. Sarkin Damagaram Tanimu ya tara 'yan bindiga masu yawa, har ana ƙera masa igwa a Damagaram, kuma ayarin Tarabulus na kawo makamai ta hamada. Amma a 1890 ƙasashen Turai suka sa hannu a yarjejeniyar Brussels, wadda ta hana sayar wa mutanen wannan yanki na Afirka bindigogi masu tsaga da masu ɗuri ta baya, ta bar musu masu ƙanƙara da albarushin kasuwa.

An ga sakamakon a 1903. Kano ta faɗi ranar 3 ga Fabrairu, Sakkwato ranar 15 ga Maris. A Kwatarkwashi dawakin Wazirin Kano Ahmadu sun yi ta kai sukuwa kan sojojin Ingila da ba su kai hamsin ba, suka kasa ratsa su, Waziri ya rasu a wurin. Katsina kuwa, a zamanin Sarki Abubakar, ta miƙa wuya ba yaƙi.

Wannan tazara ba ta gushe ba. Dokar makamai ta Nijeriya ta 1959 ta sanya bindiga mai ɗuri ta baki a rukuni mafi sauƙin lasisi, ita ce kuma ta rage a hannun manomi. A shekarun da 'yan fashin daji suka addabi ƙauyukan Katsina, da ita 'yan sa-kai da yawa suka tari masu AK-47. Sanɗar da maharbi ya gada tana cin barewa, amma ba ta isa ta tsare gari daga wanda ke harbi daga nesa ba.