Yadda Aikatau Ke Sauya Siga a Sifaniyanci: Misalin Hablar

A Hausa, 'yan kalmomin da ke gaban aikatau ne ke nuna mai aikin da lokacinsa: na tafi, zan tafi, nakan tafi. Sifaniyanci kuwa a ƙarshen aikatau yake ɗora wannan nauyi, shi ya sa ake yawan barin wakilin suna.

Aikatau a harshen rukuni uku ne, gwargwadon ƙarshensu: -ar, -er da -ir. Hablar, wato yin magana, ɗan rukunin farko ne, saiwarsa habl-, kuma ba a furta harafin h. A lokaci mai ci ana cewa hablo, hablas, habla, hablamos, habláis, hablan. Sigar habláis a Sifaniya aka fi jin ta. A Latin Amurka hablan ce ke maye gurbinta.

Shuɗaɗɗen lokaci iri biyu ne: hablé ga aikin da ya kammala, hablaba ga wanda aka saba yi a da. Lokaci mai zuwa bai taɓa -ar ba, ƙari ake yi masa: hablaré. Don fata ko shakka akwai hable, wadda kuma da ita ake ba babba umarni cikin ladabi.

Alamar da ke kan wasali ba ado ba ce. Hablo "ina magana" ne, habló "ya yi magana". A takardar ciniki ma, pago na nufin "ina biya", pagó kuwa "ya biya".