Daga Majigi Zuwa Wayar Hannu: Wa Ke Riƙe Da Kyamara?



A 'yan shekarun nan da wuya ruwa ya ci gonaki, ko kwalbati ya karye, ko a ga ɗalibai zaune a ƙasa a wani aji, ba a samu matashin da ya zaro waya ya ɗauka ba. Har an fara jin yaranmu na Jama'are da Azare suna maganar haɗa cikakken fim a kan shaye-shaye, ko bara, ko halin da manoman fadama ke ciki. Abin farin ciki ne. Sai dai wannan sana'a ta ɗaukar matsalar jama'a a nuna wa jama'a ba yau ta shigo ƙasar nan ba. Ta kusa shekara 100, kuma ya kamata mai shirin shiga cikinta ya san waɗanda suka riga shi da abin da suka yi da ita.

Abin ya faro ne daga ɓeraye. A shekarun 1920 annobar da ɓera ke yaɗawa ta addabi Legas, sai wani Baturen duba-gari mai suna William Sellers ya fara ɗaukar fim yana nuna wa mutane yadda cutar ke yaɗuwa da dalilin da ya sa ake shiga gidajensu ana kashe ɓeraye. Gwamnatin Ingila ta ga abin yana aiki. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke a 1939 sai ta kafa hukumar shirya finafinai domin ƙasashen da take mulka, ta ɗora Sellers a kanta. Da farko farfagandar yaƙi aka riƙa nunawa. Bayan yaƙi aka koma kan tsabta, rigakafi, noma da biyan haraji.

Hanyar da finafinan suka iso mana ita ce majigi. Masana sun ce sunan ya samo asali ne daga wata tsohuwar fitilar haska hotuna ta Turawa da suke kira "magic lantern", bakin Bahaushe ya lanƙwasa ta. Mota ce guda ɗauke da injin wuta, da na'urar haskawa, da farin ƙyalle, da lasifika. Tana bin garuruwan lardi ɗaya bayan ɗaya, kuma ba ta sauka sai da sanin Di'o da En'e. A wancan lokaci Jama'are da Katagum da Misau duk suna ƙarƙashin gunduma ɗaya ne a Lardin Bauci, ofishin Di'o yana Azare. Sai a yi shela tun da rana, bayan sallar isha a kafa ƙyalle a ƙofar fada ko a dandali, gari ya fito kwansa da kwarkwata. Ba a biyan ko anini.

A nan akwai abin lura. A daidai wannan zamani gidan sinima abin ƙyama ne a ƙasar Hausa. Na farko a Kano, wato Rex, an buɗe shi a 1937 a wajen ganuwa, kuma ɗan mutunci ba ya son a gan shi a ƙofarsa. Da gobara ta tashi a sinimar El Duniya a Kano a 1951 ta halaka mutum sama da 300, mutane da yawa cewa suka yi hukuncin Allah ne. Amma majigi, wanda shi ma hoto ne mai motsi, malamai da dattawa da yara duk sun zauna sun kalla, domin ya zo ta hannun sarki, a fili, kuma da sunan ilimi. Wato dai ba hoton ne ya dami kakanninmu ba. Inda ake nuna shi da wanda ya kawo shi su ne abin dubawa.

To me ake nunawa? Sellers yana da wani salo da ya kafa wanda ya daɗe ana binsa: a kawo mutum biyu, mai wayo da wawa. Mai wayo ya kai ɗansa rigakafi, ya haƙa masai, ya shuka irin da malamin gona ya ba shi, ya samu arziki. Wawa ya ƙi, ya bi al'adar gidansu, ya tashi a tutar babu. Kullum mai wayo shi ne wanda ya ji maganar hukuma. Sellers ya kuma yi imani cewa baƙar fata ba ya gane fim sai an tafi da shi a hankali kamar ƙaramin yaro, don haka ya hana saurin canza hoto da duk wata dabarar kyamara. Turawan nan sun yi ta yaɗa wani labari a tsakaninsu, wai an nuna wa ƙauyawa sauro da aka girmama a ƙyalle sai suka ce ai ba ruwansu, nasu sauron bai kai haka girma ba. Mu da muka san barkwancin mutanenmu, mun fi zaton wani ne ya yi wa Bature shaguɓe, shi kuwa ya rubuta a littafi a matsayin jahilci.

Mutumin da tarihi ya manta da shi a wannan harka shi ne mai sharhi. Yawancin finafinan ko dai ba su da magana ko kuma da Turanci suke, don haka wani ma'aikaci ne ke riƙe lasifika yana fassara da Hausa. Shi ke sa wa mutanen cikin hoto suna, shi ke jefa karin magana, shi ke sa a yi dariya inda Bature bai shirya a yi ba. Abin da jama'a suka koma gida da shi, rabi na London ne, rabi nasa.

A tsakiyar shekarun 1950 aka yi Baban Larai, fim ɗin Hausa da har yau tsofaffi ke ambato, wanda aka shirya domin koyar da noman auduga na zamani. Ba za mu ce bai yi amfani ba. Amma mu tambayi kanmu, me ya sa auduga da gyaɗa ne suka samu fim, ba gero da dawa da muke ci ba? Amsar tana masaƙun Ingila da kamfanonin mansu. Gyaɗa da audugar da aka noma a ƙasar Katagum da Jama'are, hukumar saye ce ke yanka musu farashi, kuma ba mu da labarin wani majigi da ya taɓa nuna wa manomi tazarar da ke tsakanin abin da aka biya shi a kan sikeli da abin da aka sayar a Turai. Haka ma wani fim da aka ɗauka a ƙasar Ibo a 1949, Daybreak in Udi, a kan gina ɗakin haihuwa. Ya ci kyautar Oscar a 1950 a matsayin labarin gaskiya, alhali tsara shi aka yi aka raba wa mutane rawar da za su taka, Di'on yankin E. R. Chadwick ya fito a matsayin kansa, mai kawo haske cikin duhu.

Da mulki ya dawo hannun 'yan ƙasa, gwamnatin Jihar Arewa ta gaji motocin majigi da ma'aikatansu. An ci gaba da faɗakarwa a kan Yaƙi da Jahilci da kiwon lafiya, an kuma ƙara da rangadin Sardauna da buɗe-buɗen ayyuka, wanda 'yan NEPU suka ɗauka a matsayin kamfen ɗin NPC da kuɗin gwamnati, kuma ba su yi ƙarya ba. A cikin wannan ma'aikata ne Alhaji Adamu Halilu ya taso, wanda ya shirya Mama Learns a Lesson a 1963 a kan haihuwa a asibiti. Shi ne kuma a 1976 ya mayar da Shaihu Umar fim, littafin ɗan lardinmu Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya taɓo ciwon da ba mu cika son tunawa ba, wato yadda aka riƙa kama mutane a ƙasar nan ana ƙetare Sahara da su a matsayin bayi.

Daga nan talabijin ta zo, majigi ya ja baya. Finafinan Kano suka fara da Turmin Danya a 1990, kasuwa ta bi soyayya da waƙa, fim ɗin bincike kuwa ya zama maraya, sai in wata ƙungiyar waje ta ba da kuɗi, ita kuma ke zaɓen matsalar da za a yi magana a kai.

Sai kuma 2018. A ƙarshen watan Afrilu sashen binciken BBC na Afirka ya saki Sweet Sweet Codeine, aikin 'yar jarida Ruona Meyer da abokan aikinta. Sun yi amfani da ɓoyayyiyar kyamara suka kama ma'aikatan kamfanonin magani suna sayar da maganin tari mai kodin ta bayan fage, suka kuma shiga wata cibiyar gyaran hali a Kano suka nuna samari ɗaure da mari. Ranar 1 ga Mayu Ministan Lafiya Isaac Adewole ya sanar da hana haɗa maganin da shigo da shi. Watanni kafin haka, a Oktoban 2017, an riga an faɗa a zauren Majalisar Dattawa cewa kwalba miliyan 3 ake sha kullum a Kano da Jigawa kaɗai. Limamai sun yi huɗuba, iyaye mata sun yi kuka, gidajen rediyo sun yi shiri, abin bai motsa ba sai da London ta haska. Wannan nasara ce ga fim ɗin, amma mu abin kunya ne a gare mu. Kuma hanin bai kashe maciji ba, don masu sha sun koma kan ƙwayoyi, har sai da BBC ɗin ta sake wani binciken a Fabrairun 2025 a kan wata ƙwaya da ake haɗawa a Indiya ana turo mana.

Akwai kuma abin da mai ɗaukar fim a garinsu zai fuskanta wanda baƙo ba ya fuskanta. Baƙo ya ɗauka ya hau jirgi. Ɗan Jama'are kuwa, yaron da ya ɗauka yana layi a bakin tasha ɗan maƙwabcinsa ne, gobe za su haɗu da uban a masallaci, jibi yaron zai nemi aure, hoton kuma yana nan a wayar kowa. Majigi dare ɗaya yake yi ya wuce, intanet ba ta mantuwa. Don haka neman yardar mutum, da rufe fuskar wanda ya kamata a rufe, da sanar da mai unguwa kafin a kafa kyamara, ba tsoro ba ne. Abin da za a guje wa shi ne neman izini ya koma irin na zamanin En'e, inda sai abin da hukuma ke so ake nunawa.

Batun da za a ɗauka kuwa ga shi nan kwance a bayan gari. Kogin nan namu ya taso daga tsaunukan Jos, ya ratsa ta nan, ya haɗu da na Haɗeja, ruwansu ya nufi Tafkin Chadi. Tun zamanin Shagari ake ta fara madatsar Kafin Zaki a kansa ana tsayawa. Masu so suna hangen noman rani da sauƙin ambaliya, mutanen Yobe da Borno suna tsoron fadamunsu da kamun kifinsu za su ƙafe. Shekara 40 ke nan da ɗoriya ana wannan ja-in-ja a Abuja da Bauci, a damina kuma ruwa na cin gonaki, har ya yanke hanyar Kano zuwa Maiduguri a yankin Katagum a Agustan 2024. Manomin fadama da masunci da makiyayi, kowannensu yana da abin faɗa, kuma maganarsu ba ɗaya ba ce. Fim ɗin da zai zaunar da su ya saurare su ba zai yiwu da salon mai wayo da wawa ba.

Sai maganar ajiya. Da yawa daga finafinan zamanin majigi yau a ɗakunan ajiya na Ingila ake samunsu. Shaihu Umar kansa an daɗe ana zaton ya ɓace, sai a 2016 aka gano faya-fayensa cikin tarin tsofaffin gwangwanaye na Hukumar Finafinai ta Ƙasa. Wata cibiya ce a Jamus ta gyara shi, kuma a bikin finafinai na Berlin na 2018 aka fara sake nuna shi, kafin mafi yawan jikokin waɗanda suka fito a ciki su taɓa ganinsa. Dattawan da suka zauna a ƙofar fada suka ji muryar mai sharhi da kunnensu kuwa, masu ƙarancin shekaru a cikinsu yanzu sun haura 60.