Ciwon sukari: bororon ƙafa da allurar kortizon

Bororo ɗan ƙurji ne mai ruwa da ke tasowa a fata idan takalmi ya goge ta ko zafi ya ƙona ta. Ga mai ƙoshin lafiya yakan warke cikin ƴan kwanaki. Ga mai ciwon sukari kuwa yana iya zama gyambo, gyambon ya kai ga ƙashi, har a yanke ƙafa.

Me ya sa yake da haɗari?

Sukari da ya daɗe yana hawa a jini yana lalata jijiyoyin da ke kai saƙon zafi daga ƙafa zuwa ƙwaƙwalwa. Mutum sai ya taka yashi mai zafi a watan Afrilu, ko ya kusanta ƙafarsa ga kaskon wuta da hunturu, ya ƙone bai ji ba. Ciwon yana kuma toshe hanyoyin jini, ya raunana ƙwayoyin jinin da ke yaƙar cuta, shi ya sa rauni ke jinkirin warkewa. Akwai ma bororon da ke fitowa haka kawai, ba ƙuna ba gugar takalmi, ga waɗanda suka daɗe da ciwon.

Abin da ya kamata a yi

Kada a fasa bororo da allura, ƙaya ko reza, domin fatar da ke kansa ita ce ke tare ƙwayoyin cuta. A wanke da ruwa mai tsabta da sabulu, a tsane, a rufe da bandeji, a daina sa takalmin da ya jawo shi, a nuna wa likita ko da ba ya zafi. Kada a zuba toka, gishiri ko garin magani. Idan wurin ya kumbura, ya yi ɗumi, ya fara mugunya ko wari, ya yi baƙi, ko zazzaɓi ya zo, a tafi gidan likita a ranar.

Allurar kortizon

Kortizon da danginsa, irin su dexaméthasone da bétaméthasone, ana yin allurarsu don ciwon gwiwa, kafaɗa ko diddige. Suna kwantar da kumburi, amma suna tayar da sukari cikin ƴan awoyi, hawan kuma yana iya kai mako guda ko fiye, ko da a gaɓa ɗaya aka yi allurar. Suna rage ƙarfin garkuwar jiki, suna kuma ɓoye kumburi da zazzaɓi, sai cuta ta ci gaba a ɓoye. Don haka ba a yin ta kusa da raunin da ya kamu da cuta.

Mai ciwon sukari ya faɗa wa likita ciwonsa, ya nuna masa ƙafarsa kafin a yi allurar. Bayan an yi, ya riƙa auna sukari kullum har ya sauka. Ƙishirwa mai yawa, yawan fitsari da kasala alamu ne na hawansa. Likita ne kaɗai zai ƙara insulin ko ƙwayoyi. Kada a sayi waɗannan magunguna wurin masu tallar magani a kasuwa.

Rigakafi

A duba ƙafa kowace rana, har tafinta da tsakanin yatsu, da madubi ko da taimakon wani na gida. Lalle yana iya ɓoye canjin launin fata, sai a ƙara lura. Bayan alwala a tsane tsakanin yatsu. A shafa mai a diddige don hana faso, a kakkaɓe takalmi kafin a sa, kada kuma a yi tafiya ba takalmi ko a tsakar gida.