Dutsen Pavagadh: Masu Mulki da Masu Ziyara

A jihar Gujarat da ke yammacin ƙasar Indiya akwai wani dutse da ake kira Pavagadh, wanda tsayinsa ya kai kimanin mita 800, yana kuma da nisan kimanin kilomita 50 daga birnin Vadodara. Tarihin wannan dutse ya nuna cewa ƙwace ganuwa ya fi sauƙi a kan raba jama'a da wurin ibadarsu.

Tun wajen shekarar 1300 wasu sarakunan Rajput na zuriyar Chauhan, mabiya addinin Hindu, suka mallaki dutsen, suka ƙarfafa ganuwarsa hawa-hawa. A can ƙololuwa kuwa akwai ɗakin ibadar Kalika Mata, inda Hindawa suka daɗe suna kai ziyara. A shekarar 1484 Sarkin Gujarat, Sultan Mahmudu Begada, ya ci wannan ganuwa bayan ya yi mata ƙawanya har wata 20. Daga nan sai ya mai da garin Champaner da ke gindin dutsen ya zama babban birninsa, ya sa masa suna Muhammadabad, ya gina masallatai, ciki har da babban masallacin Juma'a wanda har yanzu yana tsaye. Amma wannan ɗaukaka ba ta daɗe ba, domin a 1535 Humayun, Sarkin Mughal, ya ci birnin, sannu a hankali mutane suka watse, daji ya cinye gidaje.

Abin lura shi ne, ko da birni ya zama kufai, ziyara ba ta yanke ba. Hasali ma, a bisa rufin ɗakin Kalika Mata aka yi hubbaren wani waliyyi Musulmi, watau Sadan Shah, ya kuwa daɗe a wurin shekaru aru-aru. Ta haka ne Bahinde da Musulmi suka riƙa bin matakala ɗaya zuwa gini ɗaya, kowa da niyyarsa.

A 2004 hukumar UNESCO ta sa Champaner da Pavagadh cikin jerin wuraren tarihi na duniya. A 2022 kuma aka sāke gina hasumiyar ɗakin ibadar, bayan an yi yarjejeniya da masu kula da hubbaren aka matsar da shi gefe, Firayim Minista Narendra Modi ya ɗaga tuta a kanta.

Wannan ya kawo wata mas'ala wadda duk ma'aikacin gwamnati ya kamata ya yi nazarinta. Idan wuri guda ya tara gadon al'ummu biyu, gyaran da ya faranta wa ɗaya rai yana iya shafe alamar ɗayar. Saboda haka hukumar da aka ɗora wa amanar irin wannan wuri, wajibi ne ta auna kowane gyara da idon masu rinjaye da na marasa rinjaye, kafin a ɗaga dutse ko ɗaya.