Yadda kuɗin talabijin ya sauya gasar wasannin jami'o'in Amurka

A Amurka, jami'o'i kan haɗu rukuni-rukuni domin fafatawa a wasanni, musamman ƙwallon ƙafa irin na Amurkawa da ƙwallon kwando. A da maƙwabtaka ce ke haɗa su, amma yanzu kuɗin talabijin ne ke zaɓa musu abokan karawa.

Mafarin sauyin shi ne hukuncin Kotun Ƙolin ƙasar na 1984, wanda ya kawo ƙarshen babakeren hukumar NCAA wajen sayar da haƙƙin nuna wasannin ƙwallon ƙafar. Daga nan kowane rukuni ya shiga yin cinikinsa da tashoshi, kuma yawan masu kallo ne ke yanke farashi.

Rukunin Big Ten, wanda aka kafa a 1896, ya buɗe tasharsa a 2007. A 2014 ya karɓi jami'o'in Maryland da Rutgers, ya kai ga masu kallo a biranen Washington da New York. A 2022 ya ƙulla yarjejeniyar shekara 7 da tashoshin Fox da CBS da NBC kan sama da dala biliyan 7. A 2024 jami'o'i 4 daga gaɓar yamma suka shigo, mambobinsa suka kai 18.

Rukunin Pac-12, inda suka baro, ya rasa 10 daga cikin mambobinsa 12 bayan ya kasa samun ciniki mai tsoka. Su kuwa ɗalibai 'yan wasa, sukan yi tafiyar kusan kilomita 4,000 daga Los Angeles zuwa New Jersey domin wasa ɗaya, ga kuma karatu yana jiransu.