Yadda cibiyar CERN ke rarraba bayanan bincikenta

Na'urar LHC ta cibiyar binciken kimiyya ta CERN, da ke kusa da birnin Geneva, ta soma aiki a shekarar 2008. Bayanan da take samarwa sun fi ƙarfin cibiya guda, shi ya sa ake rarraba su ga cibiyoyin kwamfuta kimanin 170 a ƙasashe fiye da 40.

Ana adana bayanan a kaset, wanda ke da araha amma yana da jinkiri. Kafin masana su fara lissafi, akan kwafo abin da suke buƙata zuwa faifai mai sauri, don kada kwamfutoci su zauna jira.

Bayanan da ake yawan nema kuwa, ana ajiye kwafinsu kusa da masu bincike. Idan wuri ya cika, sai a goge wanda aka daɗe ba a nema ba.